Askar da Yaya Ya Mayar Zabira

Yaya ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, damina biyu bayan canjin kuɗin nan da ya sa mutane wuni a bakin banki. In shekarunsa kuke so, ni ban iya lissafin takarda ba. Na dai san ranar da Turawa suka miƙa mulki ya riga ya gaji zabirar aski daga babanmu, ni kuwa ina tallan fura da 'yar ƙaramar ƙwarya. Babban farin nan da ya kashe shanu ya same shi da 'ya'ya uku. Abin da zan ba ku labarinsa kuwa ya faru ne shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, shekarar da aka haifi jikata ta fari.

Ranar rasuwar, kafin azahar ƙauyenmu ya cika. Babura ke ta shigowa daga Zango, daga Mai'adua, har daga ƙetaren iyaka, mutum uku-uku a kai. Daga cikin Daura mota biyu. Wani Bafulatani dattijo ya tsaya a ƙofar gida ya ƙi zama, ya naɗe hannun riga yana nuna wa kowa inda sa ya taɓa tsire shi Yaya ya yi masa magani. "Ku duba," in ji shi, "ku duba da kyau. Kamar zare." Wata mata daga cikin gari ta riƙe ni tana kuka, wai 'yarta ta taɓa faɗawa cikin ruwan zafi, yau ga ta da 'ya'ya huɗu, ko mijin bai san wajen ba. Duk na ji, na yi hamdala.

Amma ina zaune a bayan danga na ji wasu samari biyu suna wucewa. Ɗaya ya ce, "Wa ya rasu ne haka?" Ɗayan ya ce, "Mai-kaffara." Suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Ba su ma san inda sunan ya samo asali ba, a bakin iyayensu suka tsince shi. Wannan dariyar ce ta sa na ce sai an rubuta wannan.

Ni ce ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma baki dai Allah ya ba ni, duk unguwarmu ba wadda ake taruwa a ji labarinta kamar ni. Ni ke faɗa, jikata ke rubutawa, na kuma ce mata in ta gyara mini magana ban yafe ba.

Wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Aski, ƙaho, kaciya, tsagar gado, duk hannunsa. Sai dai abin da ya fifita shi a kan sauran ba yankan ba ne. Shi kansa yakan ce, "Yanka kowa ya iya, ko ƙaya ta iya. A tambaye ni abin da ke biyo baya." In aka kawo masa ciwo ba ya taɓawa sai ya sunsuna. Ya dubi bakinsa, ya danna gefe da ɗan yatsa, ya yi shiru kamar mai sauraron magana a ɗaki na gaba. Wai nama yana da 'yan aike. Da an yanke shi sai sashe ya aika wa sashe: ku zo, an yi ɓarna. Mu yara muna dariya, manya su ce ai wanzamai sun gaji surutu.

Yana da wata al'ada da ba wanzamin da na sani yana yin ta. Kafin ya yi wa jariri tsaga, sai ya sa uban ya naɗe hannun riga ya ga lambar rigakafinsa. Uwar kuwa, tun da ba zai shiga ɗakin mai jego ba, sai ya aiki wata tsohuwa ta duba masa bayan kunnenta, inda aka yi mata huji. In tabon ya kwanta, bismillah. In ya tashi ya yi ƙulli, Yaya ba ya tsagawa. Ya ce akwai jinin da in ya fara rufe ciwo ba ya sanin an gama, sai ya yi ta ɗorawa har ya haye lafiyayyar fata. Shi ya sa masa suna tabo mai tashi, ya ce yana bin gida.

To, gidan da na yi aure gidan tsaga ne. Uku a kowane kunci, maza da mata, tun kakanni. A lokacin mijina ya rasu, wansa ke riƙe da gidan, mutum mai tsayi da kaifin harshe, wanda in ya yi tari a zaure kaji ma sai su nutsu. Ɗana ya auro yarinya daga wajen Mai'adua, mai kunya, kullum ɗankwalinta a ɗaure har kan kunne. Ta haihu farkon damina, mace. Ana gobe suna da la'asar Yaya ya zo, ya kira ni waje.

"Ke za ki duba mini kunnen," ya ce.

Na shiga, na ce mata ta kwance ɗankwali. Ta kwance. Ga shi nan a bayan kunnen hagu, ƙulli baƙi mai sheƙi, ya kai goriba ƙarama. Ashe abin da take ɓoyewa ke nan tun zuwanta. Ta ce, "Inna, don Allah."

Yanzu ku ji abin da ban taɓa faɗa ba sai bana. Ni ina son tsagar nan. Fuskar mijina ce. Ina so in ɗauki jikata ta fari in ga uku-ukun nan a kuncinta, matan gidan su san ni ma na ajiye iri. Na ce a raina, tsohon nan da camfe-camfensa, ai jaririya ce. Na fito na same shi a gindin darbejiya.

"Wallahi lafiya lau, Yaya. Sumul."

Ya dube ni. Ya ce, "To." Ya saɓa zabira ya tafi.

Da safe aka cika zaure. An raɗa suna, an raba goro, aka miƙo jaririya. Ya yi mata aski tas. Ya wasa ƙaramar askar tsaga a tafin hannunsa, ya ɗago haɓarta, ya daɗe yana kallon fuskar. Ina leƙe ta bayan asabari. Sai na ga ya goge askar, ya naɗe ta, ya mayar zabira.

Wan mijina ya ce, "Lafiya, wanzam?"

"Lafiya. Yau dai ba za a tsaga ba."

"Askar ce ta dakushe ko hannun?"

"Duka lafiyarsu ƙalau."

"To ko kai ma ka bi masu wa'azin nan ne da ke cewa tsaga canza halitta ce? In ka zama malam ka faɗa mana, mu kawo maka allo."

Aka yi dariya. Yaya ya ce, "Ni ba malami ba ne, nama na sani. Naman yarinyar nan ban yarda da shi ba."

"Me ka gani?"

Nan fa. Kalma ɗaya zai faɗa ya fita: a je a duba kunnen uwar. Da ya faɗa, da an buɗe abin da yarinyar mutane take ɓoyewa, a gaban surukanta, ranar sunan 'yarta. Da kuma an tambayi wadda aka aika dubawa. Ya ce, "Abin da na gani nawa ne."

Wan mijina ya miƙe tsaye. Ya ce a gidan nan ba a taɓa barin ɗa da fuska kamar ta baƙo ba, in shi ba zai yi ba wanzamai ba su ƙare a ƙasar Daura ba. Sai Yaya ya sassauta murya. Ya ce a bari ya yi 'yar tsaga ɗaya, kamar ƙwayar shinkafa, a bayan kafaɗa inda ba mai gani. In an ɗaure gero a duba. In ta kwanta, shi da kansa zai tsaga fuskar.

"Ka rantse."

Ya rantse, a gaban liman da mutum ya fi talatin. Ya yi 'yar tsagar, jaririya ta yi ƙara ɗaya ta koma barci.

Da zai tafi ya bi ta bayan gida inda nake, bai tsaya ba, yana tafiya ya ce, "Tun kina yarinya, in gaskiya za ki faɗa ba kya farawa da wallahi."

Aka ɗaure gero. Aka buɗe kafaɗa a zaure. Tsaga ta kwanta lumui, sai an ƙura ido ake ganinta. Wan mijina har da tafi. Ya aika a kira Yaya ya zo da askarsa. Ɗan aiken ya dawo ya ce wai a zo ƙofar gidansa bayan azahar. Da aka je, sai aka tarar da tabarma shimfiɗe, mabuƙata goma a zaune, kowa da akushin tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu. Yaya na tsaye yana zuba musu ruwa.

"Mene ne wannan?"

"Kaffarar rantsuwata ce. Na tambayi liman, ya ce ta yi. Rantsuwa in an karya tana da kaffara. Fuskar mace in ta lalace ban san me ake ciyarwa ba."

Ranar na ji zagin da ban taɓa ji ba. Wan mijina ya ce daga yau askarsa ba ta ƙara taɓa kan kowa a gidanmu. Ranar kasuwa ya sa aka ɗauko wani wanzami daga Dutsi a kan babur. Mutumin ya zauna, ya karɓi yarinya, yana juya ta sai idonsa ya faɗa kan kafaɗa. Ya duba, ya sake dubawa. Ya ce a ba shi ruwa. Ya sha, ya miƙa yarinya, ya ce, "Wannan aikin wani ne, an fara. Na kuma san hannun." Ya hau babur. Aka kira na Zango, shi ko zama bai yi ba. A wajen wanzamai, jikin da wani ya fara sa wa aska, ba mai ƙarasawa sai da izininsa. Sai a lokacin na gane. Tsagar nan ba gwaji ba ce. Ƙofa Yaya ya kulle ya jefa makullin a zabira.

Ya biya, kada ku ce bai biya ba. Gidanmu babba ne, rabin unguwa suka bi mu suka bar shi. Da aka tashi naɗa Sarkin Aska a garin, kowa ya san nasa ne, aka ce mai karya rantsuwa ba ya riƙe sarauta, aka ba wanda shi ya koya wa riƙon ƙaho. Yara suna binsa da "Mai-kaffara, yau akwai tuwo?" Yakan ce, "Sai kun kai goma." Ni kuwa, ƙanwarsa, damina biyu ban taka gidansa ba. Na ce fushi nake yi. Kunya ce.

Fartanya ce ta shirya mu. Ina noman gyaɗa ta sare ni a ƙwauri, rami har fari-fari ya fito. Matan gida suka ce toka, wata ta ce ƙasar bakin murhu. Sai ga sallamar Yaya. Bai dube ni ba. Ya tsuguna, ya wanke da ruwan gishiri mai ɗumi ina ihu, ya zuba zuma, ya ɗaure da farin ƙyalle da ya tafasa.

Na ce, "Ba gaisuwa?"

"Ba wajenki na zo ba, wajen ƙafar na zo. Ita ba ta yi mini ƙarya ba."

Kullum da hantsi yana zuwa, da ƙafar yake hira. Kwanakin farko da wajen ya yi ja ya kumbura yana zafi, na tsorata, ya ce, "Bar su, masu shara ne suka iso, faɗa suke da ƙazanta. In sun wuce mako ba su tafi ba, sannan a damu." Da jan nama ya fara tsirowa daga ƙasa gudaji-gudaji, ya yi murmushi ya ce masaƙa sun kafa zare. Ya hana ni barinsa ya bushe ya tsage, ya hana ni tsugunon da zai ja fatar, wai in ana jan saƙa masaƙa sai su ɗauka ba ta yi ƙwari ba su ƙara zare. Da baki ya haɗe na ce Alhamdulillahi an gama. Ya ce, "Yanzu aka zo wajen mai wuya. Akwai wanda zai zo ya ce musu ya isa, kowa ya tafi gida. In ya zo, tabo ya kwanta. In bai zo ba, ko ya zo ba su ji ba, shi ke nan." Ga ƙwaurin nan, wanda ya so ya zo ya duba.

Jikata ta girma da fuskarta yadda Allah ya yi ta. 'Yan gidan suna ce mata baƙuwa, takan shigo da kuka. Shi kuwa in ya gan ta sai ya ce, "Matata, zo in ga fuskar da na sha zagi a kanta. Kai, na yi asara, ashe ma mummuna ce." Ta ce, "Tsoho, ni ba na auren mai furfura."

Tana da shekara goma sha uku ta fara susar kafaɗa. Muka ce ƙuraje ne. Kafin shekara ta zagayo, 'yar tsagar nan da ta kwanta tun tana tsumma ta farka. Ta kumbura, ta yi tauri, ta yi sheƙi, ta haye gefe da gefe har ta kai dabino. Ƙwayar shinkafa ɗaya fa. Na zauna na ƙirga shida a fuska, uku nan uku nan, sai da na dafa bango.

Ko mayafi ban ɗaura daidai ba na isa gidansa. Na ce, "Yaya, ta tashi! Tashi mu je zaure, a tara su duka, wan mijina da liman da Sarkin Askan nasu, in buɗe musu su gani!"

Yana gyaran ƙaho, bai ɗago ba. "Ki buɗe kafaɗar budurwa a zaure?"

"Sunanka fa? Shekara goma sha uku!"

"In an gani, gobe duk garin nan an san jikarki na da tabo mai tashi, a bi a gano na uwarta. Na rufe na uwa, in buɗe na 'ya? Sunan nan na saba da shi, har ina amsawa." Sannan ya ce a kai ta asibiti a Daura, kada a bar kowa ya ce zai yanke shi, ko shi kansa, don in an yanke dawowa yake ya fi da. A asibitin ma abin da suka faɗa ke nan, suka yi ta yi mata allura a wajen har ƙaiƙayin ya lafa.

Tabon nan ne ya kai ta jami'a. Ta ce sai ta san abin da ke cikinsa. Ta gama digiri ta koma na biyu, aikinta ke nan, leƙen fata a madubin da ke mayar da ƙwayar ƙura kamar tudu. Bara da ƙaramar salla ta je gaishe shi, ina wurin. Idonsa ya yi rauni, ta matso masa da waya tana nuna masa hotuna.

Ta ce, "Tsoho, 'yan aikenka gaskiya ne. Da jini ya daskare a bakin ciwo, akwai ƙananan abubuwa a cikinsa da ke sakin saƙo. Saƙon ya kira masu sharar. Su kuma in sun ci ƙarfin aiki su saki nasu, ya tada masu zaren. Kowane saƙo da ƙofar da yake ƙwanƙwasawa a jikin ƙwayar halitta, daga ƙofa a miƙa wa na ciki, na ciki ya miƙa wa na can ciki, har ya kai inda ake yanke hukunci. A jikina saƙon a ci gaba ya fi ƙarfi, masu zaren kuma ba sa tafiya gida. A jarirai abin kan yi shiru, sai wajen balaga ya fi tashi."

"Jan fata fa?"

"Shi ma suna ji. In ana ja, ƙara zare suke."

Ya juyo wajena. "Kin ji ko, mai tsugunno?" Sannan ya ce mata, "To wanda ke cewa ya isa, kun gan shi?"

"Muna nemansa. Da alama ba ɗaya ba ne, suna da yawa. Mun san wasu, ba mu san duka ba."

Ya yi dariya har da tari. "In kun same shi ku gaishe mini da shi. Shekara sittin muna aiki tare, ban taɓa ganin fuskarsa ba."

Ranar addu'ar uku ta rasuwar Yaya aka kawo wan mijina. Ya haura casa'in, ido ya tafi, jikokinsa ke riƙe da shi. Aka shigo da shi tsakar gida ya yi wa mata gaisuwa. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Hannu dai ba irin nasa. Sai dai taurin kai, da abin da ya yi mana."

Ban shirya ba, jikata ma ba mu yi shawara ba. Sai na ga ta tashi ta durƙusa gabansa. "Kaka, ni ce baƙuwar gidanku." Ta kama hannunsa ta ɗora a kuncinta. Ya shafa dama, ya shafa hagu. Sannan ta zame mayafi kaɗan, ta kai yatsunsa bayan kafaɗa. Na ga hannun ya tsaya cak.

"Mene ne wannan?"

"'Yar tsagar da aka yi a gabanka ce. Ƙwayar shinkafa."

Sai surukata, uwar jikata, wadda shekara ashirin da 'yan kai ba wanda ya ga kunnenta, ta kwance ɗankwalinta a gaban mata ta juya musu hagunta. To ni me ya rage mini? Na miƙe na faɗa da ƙarfi, yadda na zaure ma za su ji: ni aka aika, na gani, na fito na ce sumul. Yaya ya sani tun a ranar, ya tafi kabarinsa bai tona ni ba.

Tsohon nan ya mayar da hannu kan kuncinta, yana jan yatsa a hankali daga gefen ido zuwa baki, sau uku, inda askar za ta bi. Ya ce a kai shi gida. Bayan azahar sai ga akushi goma daga gidanmu, tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu, an jera a ƙofar gidan Yaya. Babban jikan wan mijina ya tsaya a kansu ya faɗi saƙo a gaban jama'a: wai a gaya wa 'ya'yan mamaci, tuwon da ubansu ya ciyar ba shi ya kamata ya ciyar ba, ga shi an mayar. Ranar na yi guɗa a gidan makoki. An ce ba kyau. Na ce a rubuta mini.

Daga mutanen da wannan labari ya shafa, liman ya tafi, wanda aka ba sarautar ya tafi, wanzamin Dutsi ma na ji ya riga mu. Saura wan mijina, wanda yanzu in an ce Mai-kaffara sai ya ce a ƙara da Allah ya jiƙansa. Saura ɗana, da ya sunkuyar da kai ranar suna. Saura surukata, tana yawonta da kunne a waje. Saura ni. Sai wadda aka miƙa a tsumma, ga ta nan a gabana ta sunkuya tana rubutu. Ɗago, ƙawata, in ƙara kallon aikin Yaya. Allah ya kai haske kabarinsa.